Dodon Koɗin Baffa Dou

Shekara ashirin da 'yan kai Dou Baoshan ya yi yana cin abinci a gaban hoton wani namiji. Hoton mahaifinmu ne, Kou Jianye, rataye a bangon da ke fuskantar tebur, da hular kwano a kansa, yana murmushi irin na wanda bai san 'yan watanni suka rage masa ba. Gidan ma albarkacinsa muka samu, domin kamfanin mai ya ba Mama shi ne a matsayinta na matar ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Inda aka saba, 'ya'yan mace ne agola a gidan mijin uwarsu. A namu gidan mijin ne agolan. Da akwati ɗaya ya shigo, da kwalbar shayinsa, kuma har ya yi furfura ni da yayana Haitao ba mu taɓa ce masa Baba ba. Baffa Dou muke cewa, yadda muke ce wa kowane maƙwabci.

Kafin ya auri Mama direban tankar ruwa ne a Rijiya Tara, sansanin haƙar man da aka haife mu a cikinsa, can bayan duwatsu a tsakiyar hamada, inda ƙasa ta zama gishiri, ko tsinken ciyawa ba ya fitowa. Duk ruwan da aka sha a garin nan a bayansa ya zo. Ranar da bututun ƙarfe ya faɗo wa mahaifinmu, ina tatata, Haitao bai daɗe da shiga firamare ba, shi aka ba buɗaɗɗiyar mota ya kai akwatin gawar maƙabarta.

Direbobin hamada suna da dokarsu game da ɗaukar mamaci, Baffa Dou kuwa ba ya wasa da ita. Idan za a tashi, a kira sunan mamacin a ce ya hau. Duk gada, duk mararraba, a sake kiransa a ce ya biyo, a jefa masa kuɗin takarda na bogi, irin wanda ake yi wa matattu, ta taga, kada kurwarsa ta tsaya kalle-kalle a bar ta a hanya. Idan an isa, a ce masa ya sauka. Wanda ba a ce masa ya sauka ba, jikinsa kawai ake binnewa, shi yana nan zaune a mota.

Mama ta fi son tono wannan zance a teburin sabuwar shekara, idan ta ɗan kurɓi giya kumatunta suka yi ja.

"Sau ɗaya ake faɗa," sai ta ce, tana nuna shi da tsinken cin abinci. "Kowane direba sau ɗaya yake faɗa. Wannan tsohon banzan sai da ya yi ta maimaitawa, yana bubbuga jikin mota. 'Yaya Kou, mun iso, sauka! Sauka fa! Ka dai sauka ko?' Kai ka ce baƙon da ya cinye masa hatsi yake sallama."

"Iska ake yi ranar, Guifen. Tsoro nake kada ya kasa ji."

"Iskar da ke kaɗawa a cikin kanka dai."

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai cikin kwanon taliyarsa, kunnuwansa su yi ja. Muna yara dariya kawai muke yi. Sai da na girma na fara lissafin abin. Mama a ɗakin girkin ma'aikata take murza taliya, kuma tsofaffin matan sansanin sun sha gaya mini cewa tun mahaifinmu yana raye, randar ɗakin girki ake fara cikawa kafin ta shugaban sansani. Ban ce Baffa Dou ya yi fatan mutuwar kowa ba. Ya yi kuka a jana'izar, kowa ya gani. Amma zuciyar mutum ba ɗaki ɗaya ba ce. Yana iya kuka a wannan ɗaki, a ɗaya kuma yana share ƙasa yana shimfiɗa tabarma.

Da man ya ƙare aka kwashe mutanen sansanin gaba ɗaya, aka bar gidajen ba rufi. Mu birnin Wuwei aka kawo mu, bene hawa na huɗu. A nan ya aure ta. Ya ja motar kaya har ya yi ritaya, ya biya mana makaranta, ya ɗauki Haitao a baya zuwa asibiti lokacin da ya karye, bai taɓa ɗaga mana murya ba. Bai samu haihuwa da Mama ba. Kowace safiya shi ke goge hoton nan da tsumma, ya daidaita shi idan ya karkace. Maƙwabta suna cewa ba a taɓa ganin mutum mai haƙurinsa ba. Ni kuwa na sha kama shi yana goge gilashin da ƙarfin da ya wuce na ƙura.

Shekarar da ya ajiye aiki ya jawo wata tsohuwar ƙaramar bas da wata makaranta ta gaji da ita, ya ajiye ta a bayan bene. Ya cire kujerun baya. Ya kafa gado da katakon tsohuwar ƙofa, ya ɗaure tukunyar gas da bel, ya sa randar roba a ƙarƙashin gado da 'yar famfo, ya ɗora sola a rufi. Duk unguwa aka fito kallo. Tsofaffin da ke buga kati a gindin bishiya suka samu abin yi.

"Tsoho Dou, Guifen ce ta kore ka?"

"A'a, ku bar shi, akwatin gawarsa yake ƙerawa tun da sauran ƙarfinsa. Har da taga ya yi masa!"

Mama ta leƙo daga sama ta ce ko a ɗaure ba za ta kwana a cikin gwangwani ba. Da ta ga yadda motar ke rarrafe a hawan unguwa, ta ce wannan ai dodon koɗi ne, ya ɗauko ɗakinsa a ka yana ja. Sunan ya bi motar. Bayan sati biyu sai ga ta tana ɗinka wa tagogin labule masu furanni.

Daga nan suka zama baƙi a Wuwei. Da sanyi ya sassauta sai su nufi yamma, su bi gefen duwatsu masu farin kai, su yada zango inda suka ga dama: bayan gidan mai, bakin gonar magarya, ko fili fetal inda babu komai sai tsakuwa har ƙarshen ido. Suna haɗuwa da irinsu, tsofaffi 'yan fansho masu ɗaki a mota, a jera motoci a tare iska, wannan ya kawo tafarnuwa, wancan ya kawo ruwan tsami, a yi ta musu a kan wace hanya ce ba a biyan kuɗin shinge.

Sau ɗaya na bi su, lokacin hutun aikina. Matar da na gani a motar nan ba ita na bari a gida ba. Mama, wadda a gida take tafiya kamar a asibiti, a nan ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a gaban mota tana fasa 'ya'yan kankana da haƙori, tana waƙoƙin ɗakin girki da muryarta mai kama da ta agwagwa. Idan muka tsaya sai ta murza taliya a kan murfin randa, shi ya tsaya ya ware rigarsa yana kare mata wuta daga iska. Yashi yana shiga romon, muna ci yana ƙaras-ƙaras a baki, ita ta ce gishirin Rijiya Tara ne, a ci a gode. Har yau ban ci taliyar da ta kai wannan ba.

A gida Tsoho Dou take ce masa. A mota na ji ta ce Baoshan.

Da yamma, rana tana jan ƙafa a kan tsakuwa, na kwanta a gadonsu ina kallon cikin motar. Ga tukunya, ga filas, ga silifas ɗinta, ga madubi ƙarami da ya manna mata. Kowane lungu ya yi masa amfani. Amma akwai wani fili a bango, daidai girman hoto, babu komai a wurin, ko ƙusa. A nan na gane. Mutane suna cewa ya ƙera motar ne don yawon buɗe ido. Ƙarya ne. Mutumin da ya shekara talatin yana keta hamada ba shi da sauran abin da zai gani a cikinta. Gida ya gina. Bai da fili, bai da ikon sauke hoton wani daga bangon wani, sai ya gina nasa a kan taya ya gudu da matarsa ciki.

Duk da haka, kowace shekara idan lokacin sharar kaburbura ya zo, shi yake kai ta Rijiya Tara. Ya ƙara wa kabarin mahaifinmu duwatsu inda iska ta zaizaye, ya zuba masa giya, ya kunna masa taba ya soke a ƙasa. Sai dai Mama ta ce kullum can nesa yake ajiye motar, ya juya bayanta ga maƙabartar, su ƙarasa da ƙafa.

"Wai ƙasar wurin tana cin taya," ta ce mini tana dariya. "Tankar ruwa ba ta ci ba, sai wannan gwangwanin."

Shekara tara suka yi a haka. Cikin hunturu Mama ta faɗi a ɗakin wanka, jini ya hau mata ka, ba ta sake magana ba har ta cika. Aka ƙone gawar yadda ake yi a birni, aka miƙo mana tokar a ƙaramin akwatin katako.

Haitao ya zo daga Shenzhen da baƙar kwat, wayarsa tana ta ƙara. Bayan baƙi sun watse muka zauna a teburin nan mu uku, hoton yana kallonmu.

"Baffa," ya ce, yana juya kofi a hannunsa, "ka san yadda abin yake. Mace kusa da mijinta na fari take kwanciya. Dangin Baba sun kira ni. Baba ya daɗe shi kaɗai a can."

Babu wanda ya faɗi sauran zancen, domin kowa ya san shi. Idan Mama ta tafi wurin mahaifinmu, Baffa Dou ba shi da wadda zai kwanta kusa da ita. Ba mata, ba ɗa mai ɗaukar sunansa. Kabari ɗaya tilo a gefen maƙabarta, irin wanda ake wucewa a ce wannan ko na wane ne. Ita kuwa Mama abin da ta taɓa cewa kawai shi ne, in ta mutu a kai ta inda ya kamata. Ba ta taɓa faɗin ina ne ba. Na tabbata da gangan ta bar mana shi haka, don ta san duk wanda ta zaɓa ta ci amanar ɗaya.

Baffa Dou ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce. "Hakkinsa ne. Amma ni zan kai ta."

"Baffa, jirgin ƙasa ya fi sauri. Mu sauka a Dunhuang mu ɗauki hayar mota."

"Wane direban haya ne zai yarda ka sa masa toka a mota? Ko ɓoye ta za ka yi a jaka kamar kayan sata? Uwarku tana da mota."

Muka jira har lokacin sharar kaburbura. Ranar tafiya ya ɗora akwatin a kujerarta ta gaba, a kan matashinta, ya rufe shi da jan ƙyalle, ya ja bel ya ɗaure. Ɗa namiji ne ya kamata ya yi kiran. Haitao ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tsofaffin da ke gindin bishiya sun ajiye kati suna kallonsa, ya buɗe baki ya rufe.

"Baffa, kai ne direba. Kai ka san gadojin. Ka riƙa yi kawai."

"Ka bar mini ke nan?"

"Na bar maka."

"Har mu isa?"

"Har mu isa mana."

Baffa Dou ya gyara hularsa, ya leƙa ciki. "Guifen, hau mota. Za mu tafi."

Ban taɓa ganin tafiya mai nawa irin wannan ba. Ya ƙi babbar hanya, ya bi tsohuwa, wadda manyan motoci suka farfasa. Ko'ina sai ya kira. "Guifen, gada, biyo mu." Ya sauke gilashi ya saki kuɗin takarda, iska ta kwashe. "Guifen, mararraba, dama za mu yi." Da muka wuce garuruwa muka shiga fili, gadojin suka ƙare, bai daina ba.

"Baffa, wannan fa kwalbati ne," in ji Haitao daga baya, inda yake zaune a bakin gado yana riƙe da tukunya kada ta faɗo masa.

"Uwarka ba ta taɓa bambance gada da kwalbati ba."

"A haka sai baɗi mu isa."

"In kana sauri sauka ka tura."

Ya tsaya wurin mai magarya ya saya mata. Ya tsaya a wani gidan mai don kawai ya gaya wa matar da ke ba da ruwan zafi cewa Guifen ta rasu, matar ta fito da tsumma a hannu ta sunkuya wa kujerar gaba. Haitao ya riƙa duba agogo. Da muka sauka shan iska ya ja ni gefe.

"Yanni, tsohon nan ba shi da niyyar kai ta. Ki duba idonsa."

"To me zai yi da ita?"

"Ina na sani? Mutumin da gidansa ke da taya?"

A wani ƙaramin gari kafin hawan duwatsu muka yada zango na ƙarshe. Ni da Haitao muka kama ɗakuna a masauki. Ba a shiga masaukin mutane da toka, don haka Baffa ya kwana da ita a mota, a filin da ke gaban ƙofa. Da safe bugun ƙofar Haitao ne ya tashe ni. Ko takalmi bai sa ba.

"Ba na gaya miki ba? Ya gudu da Mama!"

Filin wayam, sai ɗigon baƙin mai a inda motar ta kwana. Wayarsa a kashe. Haitao ya yi ta zagaye yana zagi, ya ce zai kira 'yan sanda, na ce ya ce musu me, miji ya sace matarsa? Mai masaukin ya fito da kwanon kunu yana kallonmu kamar wasan kwaikwayo. Ni dai na zauna a dakali, kuma ga gaskiya, ban san wanne nake fata ba, ya dawo ko kada ya dawo.

Rana ta ɗaga sosai sannan muka hango ƙura, Dodon Koɗi yana rarrafowa daga wajen tuddan yashi. Ya tsaya. A gaban motar akwai kofi biyu, ɗaya babu komai, ɗaya cike da shayin da ya huce.

"Uwata ce fa!" Haitao ya daka masa tsawa, karo na farko a rayuwarsa.

"Na sani." Baffa Dou ya sauko a hankali, yana dafa gwiwa. "Matar babanka ce kuma, wannan ma na sani. Daga yau tasa ce har abada. Safiya ɗaya na ara. Akwai wani tudu can da take son ganin fitowar rana. Ku hau, kada mu yi latti."

Kunya ta kama Haitao, har ya karɓi filas ya zuba wa tsohon shayi. Daga nan bai ƙara sa masa ido ba. Na daɗe ina juya wannan safiya a raina. Wataƙila fitowar ranar ce kawai. Amma tsohon direba ya san cewa idan masu bincike suka buɗe bayan mota suka ga ba komai, ba sa duba ƙarƙashin kujera.

Muka haye duwatsu, kunnuwanmu suka toshe, muka gangara cikin farin fili. Rijiya Tara tana nan yadda aka bar ta, bangaye ba rufi, layi-layi, yashi ya cika ɗakunan har taga. Haitao ya nuna mini inda ɗakin girki yake. Maƙabartar tana bayan gari, kaburburan duka sun fuskanci gabas, wajen garuruwan da masu su suka baro da niyyar komawa.

Wannan karon Baffa Dou bai ajiye motar nesa ba. Ya kai ta har bakin ƙofar maƙabartar ya kashe. Ya fito da shebur biyu. Shi da Haitao suka buɗe gefen kabarin mahaifinmu, ƙasar tana ƙara kamar ana fasa kwalba. Da ramin ya isa, ya buɗe ƙofar gaba, ya kwance bel, ya miƙa wa Haitao akwatin da hannu biyu. Ya ba ni baƙar laima.

"Rufe ta sosai, kada rana ta gan ta. Haitao, kai ne gaba. Kada ka waiwaya."

Muka bi duk abin da ya ce. Muka sa ta a gefen da ya dace, muka shimfiɗa jan ƙyalle ya haɗa akwatinta da na mahaifinmu, muka mayar da ƙasa. Ya kunna taba ya soke, ya zuba giya.

"Yaya Kou," ya ce, "ga ta na kawo maka. Na riƙe maka yaran, ga su nan sun girma. In akwai inda na gaza, ka yi haƙuri."

Haitao ya fashe da kuka, ya durƙusa ya fara ƙona kuɗin takarda. Ni kuma ina tsaye da laima a hannu, wani abu yana yi mini kaikayi a rai, kamar na fito gida na bar wuta a kunne. Na sake bin abin da aka yi tun tsayawar mota. Ya kashe inji. Ya ɗauko shebur. Ya kwance bel. Ya miƙa akwati.

Na waiwaya. Ya riga ya koma wurin motar, yana goge madubin gefe da hannun riga. Na bi shi.

"Baffa."

"Na'am, 'yar nan."

"Ba ka ce ta sauka ba."

Bai daina gogewa ba. "Ban ce ba? Kai, tsufa."

"Kai da ka kira ta a kan kowane kwalbati daga Wuwei har nan?"

Iska tana kaɗa labulen furannin nan ta ƙofar da ya bari a buɗe. Sannan ya juyo ya dube ni, kuma babu kunya ko kaɗan a fuskarsa. Wannan ne ya ba ni tsoro. Mutumin da na sani da sunkuyar da kai, yau ya tsaya kamar mai gida.

"Babanki ya same ta tana yarinya," ya ce a hankali. "Ya samu 'ya'ya. Ya samu bango. Yanzu ya samu ƙashinta. Ban hana shi komai ba." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Ke 'yarta ce. In kika faɗa za ta ji. Ga ƙofa nan, ban rufe ba."

Sata ce, ba na neman mata wani suna. Ya shirya ta tun ranar da ya tambayi Haitao, har mu isa? Kuma wanda ake yi wa satar mahaifina ne, yana kwance taku kaɗan daga inda nake, bai da bakin magana sai nawa.

Na matsa bakin ƙofar. Matashin yana nan da ramin da zamanta ya yi masa. Ɓawon 'ya'yan kankana a maƙale a gefen kujera. Silifas ɗinta a ƙasa, ɗaya ya hau kan ɗaya, yadda take tuɓe su idan za ta ɗora ƙafa. Na tuna matar da ke tafiya a gidanmu kamar a asibiti, na tuna mai muryar agwagwa. Na buɗe baki.

"Mama," na ce, "janye ƙafarki, zan rufe ƙofa."

Muka kama hanyar dawowa. Na zauna a baya tare da Haitao, kujerar gaba ba kowa, amma an ja mata bel. Baffa Dou yana tuƙi, leɓɓansa a rufe gam, kada kiranta ya kuɓuce masa Haitao ya gane. Haitao ya duƙufa a kan wayarsa, idanunsa a kumbure. Muka sake haye duwatsu. A gangare akwai wata doguwar gada a kan busasshen kogi, na ga hannun tsohon ya ƙanƙame sitiyari, ya rage gudu, yana satar kallon Haitao ta madubi.

Haitao bai ɗago kai daga wayar ba.

"Baffa," ya ce, "gada."

Shekara huɗu ya ƙara yana yawo. Masu ɗaki a mota sun san shi, tsohon da ke dafa taliya kwano biyu, yana faɗa da kujerar da ba kowa a kan gishiri ya yi yawa. Idan ya zo Wuwei ba ya hawa bene, a motar yake kwana a bayan gida, ya ce gwiwa ce. Hoton kuwa ni na koma gogewa.

Da ya rasu muka sama masa wuri a maƙabartar da ke gefen gari, can ƙarshen layi, kusa da katanga. Motar ta ƙi tashi, sai da tsofaffin gindin bishiya, waɗanda suka rage, suka tura. Haitao ne ya tuƙa, bai iya giyarta ba, tana ta tari. Akwatin tokarsa yana kan cinyata a baya, domin kujerar gaba da mai ita. Wannan karon yayana bai ji kunyar kowa ba, ya kira a kowace gada, har da kwalbatin bakin kasuwa.

Da muka isa ya kashe inji, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya kwance bel ɗin. Ya buɗe ta baya. Ya tsaya yana share gumi da hannun kwat, sannan ya bubbuga jikin motar da tafin hannu.

"Mama, Baffa, mun iso," ya ce. "Ku sauka."